Koren wake a Kano: ka fara lissafin ranar fure kafin ka zuba iri

Jama'a assalamu alaikum. Duk shekara da an shiga watan uku sai na fara samun tambaya iri ɗaya daga masu ɗan lambu a bayan gida da masu fangali a gefen gari, wai malam koren wake na ya yi ganye shar gwanin sha'awa, ya yi fure fari fat, amma furen sai zubewa yake ƙasa babu ko sili ɗaya, wane magani zan fesa? Ni kuma kafin mu yi zancen magani abin da nake fara tambaya shi ne yaushe ka shuka, kuma wallahi mafi yawan lokaci da mutum ya faɗi ranar shikenan na gane inda matsalar take. An shuka shi a makare ne, furen ya zo ya haɗu da zafin bazara, kuma babu kwalbar maganin da za ta gyara wannan.

Bari na fara warware wani abu tukuna don kar a haɗa. Koren waken da nake magana shi ne wanda 'yan kasuwa ke cewa girin bins, wannan siririn da ake yankawa a soyayyar shinkafa da salak tare da karas da koren tattasai. Ba waken mu na gida ba ne da ake alale da ƙosai, duk da kamar da suke yi a ganye. Waken mu ɗan ƙasa ne, ya san zafin nan, ya saba da shi tun kaka da kakanni. Shi kuwa wannan asalinsa daga can yankin Meziko ne da tsaunukan Kudancin Amurka, ɗan wuri mai sanyi-sanyi ne, shi ya sa za ka ga da yawa daga wanda ake saukewa a kasuwar Yankaba daga wajen Jos yake zuwa, can ƙasar tana sama da teku da kusan mita 1,200, mu kuwa Kano ba mu kai mita 500 ba. To ka ga kenan idan za ka noma shi a nan dole ka nemo masa watannin da Kano ke ɗan kama da Jos, kuma muna da su, sai dai ba su da yawa.

Abin da yake so shi ne rana kar ta wuce digiri 27 zuwa 28 sosai, dare kuma ya yi sanyi. Da zafin rana ya haura 30 zuwa 32 fure zai fara wahala, idan ya kai 35 kuwa sai dai ka riƙa kallon su a ƙasa. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zafin dare ya fi na rana yi masa illa, daren da ya tsaya sama da digiri 20 zuwa 22 bai sauko ba yana lalata ɗan garin nan da ke cikin fure wanda shi ne ke sa ya ƙulla ɗa. Furen koren wake shi yake yi wa kansa barbara, ba ya jiran zuma ko wani ƙwaro, namiji da mace duk suna cikin fure ɗaya kuma yawanci aikin ya gama kafin ma furen ya gama buɗewa. Garin nan kuma tun kusan kwana 10 kafin ka ga fure da idonka ake haɗa shi a cikin ɗan tohon. Wato zafin da aka yi makon jiya shi ne kake ganin sakamakonsa yau. Shi ya sa wani zai ce ai kwana biyun nan an samu sauƙin zafi amma har yanzu zubewa yake, eh ai ɓarnar ta riga ta faru tun furen yana cikin toho.

Ko da bai zube ba, furen da ya sha zafi 'ya'yan da yake bayarwa ba sa kyau, za ka ga silin ya lanƙwashe kamar ƙugiya, gajere, gefe ɗaya ya cika gefe ɗaya fayau saboda ƙwayoyin ciki ba duka suka kama ba. Irin wannan ko ka kai kasuwa mai saye zai juya shi ya ajiye.

Toh yanzu ga lissafin, kuma shi ne duk zancen. Irin gajeren nan mai tsayawa da kansa wanda ba ya hawa sanda, wanda shi aka fi samu a gwangwani ko leda a shagunan iri, yakan fara fure kamar kwana 35 zuwa 45 bayan shuka, a cikin ɗari yakan ɗan ja ya kai 50 don sanyi na rage masa sauri. Daga fure zuwa silin da za a tsinka kamar mako 2 ne zuwa 3. Fure kuma ba rana ɗaya yake fitowa ba, yakan ɗauki mako 2 zuwa 3 yana yi. Don haka ka ɗauki kalanda ka ɗora yatsa a ranar da kake son shukawa, ka ƙirga mako 5 gaba, daga nan zuwa mako na 9 shi ne lokacin da kake buƙatar gari ya yi sanyi, sai ka tambayi kanka yaya Kano take a waɗannan makonnin.

Mu nan mun san yadda garinmu yake. Watan 12 da watan 1 dare kan sauka har digiri 13 ko 14, rana kuma tana wajen 29 zuwa 31, ga hazo ya rage kaifinta. Wannan shi ne lokacin fure. Idan ka shuka a farkon watan 11 zai yi fure wajen tsakiyar watan 12, ka fara tsinka ƙarshen watan ko farkon sabuwar shekara. Idan ka shuka tsakiyar watan 12 furen zai zo ƙarshen watan 1 zuwa farkon watan 2, har yanzu da sauran sanyin dare, za ka samu. Ni a ganina daga farkon watan 11 zuwa wajen 20 ga watan 12 shi ne lokacinmu, wanda ya wuce haka ya shiga caca. Wanda ya shuka ƙarshen watan 1 kuwa furensa watan 3 zai faɗa, lokacin da rana ta fara kai 37, 38, a watan 4 ma ta taɓa 40 ta wuce, dare kuma mutum na kwana a tsakar gida yana fifita.

Ni kaina haka ta faru da ni shekarar da na fara. Ina da ɗan fili a bayan gida, na yi fangali shida, sai da na gama cire latas sannan na ce bari na sa koren wake, lokacin watan 1 ya kusa ƙarewa. Ya fito gwanin kyau saboda sauran sanyin da ya samu, ganye faffaɗa, duk wanda ya leƙo sai ya ce masha Allah. Ranar da ya fara fure na yi murna sosai, amma bayan kwana huɗu ko biyar da safe na durƙusa na ɗaga ganye sai na ga ƙasan fangalin ya yi fari-fari da fure, wasu ma da ɗan tsinken silin a jikinsu bai kai tsawon ashana ba ya yi ruwan ɗorawa ya faɗo, ka taɓa reshen da yatsa kaɗan sai wasu su ƙara zubowa. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, na sayo maganin feshi, duk a banza. Wani dattijo da ya daɗe yana noman rani wajen Kura ya zo unguwarmu gaisuwa na jawo shi ya duba, na ce Baba dubo min wannan ciwon, ya ɗaga ganye biyu ya duba bayansu ya buɗe fure ɗaya ya ce ɗana ba ciwo ba ne, ka makara ne, baɗi ka zuba shi da an gama girbin shinkafa. Abin ya yi min ciwo don kuɗin iri ba kaɗan ba ne, amma tun daga nan ban ƙara shuka shi bayan watan 12 ba.

Wani kuma gaggawa ce ke cinsa, da ruwa ya ɗauke a ƙarshen watan 9 ko farkon watan 10 sai ya zuba iri. Watan 10 a Kano zafi ne da shi sosai, wannan zafin na kaka, ga farin ƙuda da darɓa da suka taso daga gonakin wake da ake shirin girbewa duk za su dawo kan ɗanyen ganyenka. Idan za ka iya haƙuri zuwa farkon watan 11 ya fi.

Sannan kar ka zuba irinka duka rana ɗaya. Ka raba shi kashi uku, tsakanin kowanne kwana 10 zuwa 14. Wani lokacin cikin hunturun ma sai a yi kwana huɗu ko biyar iska ta tsaya gari ya ɗau zafi, idan duk gonarka ta shiga fure a wannan makon ka yi asara gaba ɗaya, amma idan ka rarraba wani kashin zai tsira, kuma tsinkar ma ba za ta taru maka lokaci ɗaya ba ka rasa yadda za ka yi da shi, don abu ne da ba ya ajiyuwa.

Shi ma ɗarin yana da nasa. Iri ba ya son ƙasa mai sanyi sosai, idan sanyin ƙasa ya yi ƙasa da digiri 15 yakan daɗe bai fito ba, idan kuma ka cika masa ruwa a haka sai ya ruɓe a ciki. A lokaci mai ɗumi kwana 5 zuwa 7 ya isa ka ga ya ɗago kai, amma cikin tsananin sanyi sai ya kai kwana 10 ko fiye, kar ka tsorata ka hau tonawa. Abin da nake yi shi ne na jiƙa fangalin kwana ɗaya kafin shuka, washegari da hantsi na shuka cikin damshi, zurfin kamar santimita 3 wato gaɓar yatsa ɗaya da ɗan ƙari, tsakanin ƙwaya da ƙwaya faɗin tafin hannu, tsakanin layi da layi kamar santimita 45 zuwa 50. Kar ka jiƙa irin ya kwana a ruwa yadda wasu ke yi wa wasu iraruwan, wannan fashewa yake yi. Kuma ba a dasa shi, inda ka shuka nan zai zauna.

Iskar hunturu ita ce abu na biyu. Sanyinta alheri ne amma bushewarta na ƙona fure da ɗanyen toho, idan tana kaɗawa da ƙarfi kuma silin na gogar juna da ganye ya yi tabo. Daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ta wannan ɓangaren za ka kafa zana ko ka yi dannin karan dawa, wasu ma masara suke shukawa layi biyu a gefe tun kafin su zuba waken. Wanda yake cikin gari katanga ta riga ta yi masa wannan aikin, sai dai shi kuma ya kula kar ya manna fangalinsa da katangar siminti da rana ke duka tun azahar, bulo na riƙe zafi ya yi ta sakinsa da daddare, kuma na riga na faɗa maka yadda zafin dare yake yi masa. Ka ja baya da ita ko da taku biyu ne.

Maganar ruwa kuwa nan ne ake yawan kuskure ta ɓangare biyu. Saiwarsa ba ta nisa, don haka ba ya jure ƙishi, kuma lokacin fure da ƙulla 'ya'ya shi ne lokacin da ƙishin kwana biyu zai sa ya watsar da komai don ya ceci kansa. Amma kuma ba ya jure ruwa ya kwanta masa, ya kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa sai ganye ya yi rawaya saiwa ta fara ruɓewa. Masu ban ruwa da inji ko na kwata a su Kadawa da Bunkure da ke shan ruwan dam ɗin Tiga sun saba cika fangali taf kamar na shinkafa ko albasa, wannan bai dace da shi ba, gara ka yi kunya ka shuka a kafaɗarta ruwa ya bi ta kwarin ya wuce. Ni gwajin da nake yi mai sauƙi ne, na tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, idan na ji damshi na bar shi, idan na ji bushe na ba shi. A ƙasa mai yashi irin tamu cikin hunturu abin kan kama duk bayan kwana 2 ko 3, lokacin fure wani sa'in kullum kaɗan-kaɗan. Ka ba shi da safe, a gindi, kar ka riƙa watsa masa ta sama da tiyo mai ƙarfi yana cikin fure. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa a gindinsa, yana riƙe damshi kuma yana sanyaya ƙasa. Dan Allah kuma mata masu lambun bayan gida, ruwan wanki mai omo da ruwan wanke-wanke kar a zuba masa, yana daga cikin shukokin da gishiri da kanwa ke saurin kamawa, gefen ganyen ne zai fara ƙonewa.

Taki ma haka. Mun saba duk abin da ya ƙi sai a watsa masa yuriya. Shi dangin wake ne, yana buƙatar ɗan taki a farko don bai kai waken mu iya samar wa kansa abinci ba, amma idan yuriya ta yi yawa sai ya tafi ganye, fure ya makara, kuma makarar mako ɗaya ko biyu a nan Kano tana iya tura furenka cikin zafi. Ruɓaɓɓen takin gida tun wajen gyaran ƙasa, sai ɗan kamfa bayan mako 2 da fitowa a gefe ba a jikin gindi ba, ya isa. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona shi zai yi.

Ba kowace zubar fure ce ta zafi ba, gaskiya ne, kuma ko lafiyayyen wake ba duk furensa ke kamawa ba, yana zubar da wasu da kansa don ba zai iya ɗaukar su duka ba. Amma idan cikin sanyi ne ka ga abin ya yi yawa, ka ɗauko farar takarda da safe ka kaɗa fure a kanta ko ka tsaga fure ɗaya da farce. Idan ka ga wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe sirara suna gudu, su ne masu shan furen wake, waɗanda manoman wake suka sani sarai, ko ka ga 'yar tsutsa ta saƙa fure da ganye da zare ta huda ciki. A nan ne feshi ke da amfani. Ka yi shi da yamma bayan la'asar, kuma ka karanta jikin kwalbar ka ga kwana nawa ake jira kafin a tsinka, wannan abu ne da ake ɗan turarawa kawai a ci, kuma yara na ci, ba ka da hujjar fesawa yau ka kai kasuwa gobe. Idan ƙwarin ba su yi yawa ba ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana yana rage su.

Akwai masu tambayar damina. Ana iya yi, idan ka shuka farkon watan 7 furen zai zo watan 8 lokacin da hadari ke rufe rana zafi ya sauka wajen 30, amma dare ba ya sanyi yadda yake so, ga ruwan sama mai ƙarfi na dukan fure, ga cututtukan ganye irin su tsatsa da tabon da ke kama silin ya yi baƙi-baƙi saboda yawan laima. Za a samu na miya idan ka yi kunya mai tudu a wurin da ruwa ba ya kwanciya, kuma kar ka shiga cikinsa ko ka yi tsinka alhali ganye na jiƙe don haka ake yaɗa ciwon da hannu da riga. Amma ni ba zan ba mutum shawara ya zuba jarinsa a na damina ba a nan Kano.

To wanda ya riga ya makara fa, yanzu haka wakensa na fure zafi ya shigo? Ka yi masa rumfa ta ɓangaren yamma da tsohon gidan sauro ko buhunan albasa masu raga, yadda zai sha ranar safe ya huta da ta azahar zuwa la'asar, kar ka rufe shi ruf don inuwa mai yawa ita ma tana zubar da fure. Ka ƙara ciyawa a gindi, kar ka bari ƙasar ta bushe ko sau ɗaya, ka daina taki kwata-kwata. Za ka ɗan tsira da wani abu, ba zai kai yadda kake so ba.

Wanda ya dace da lokaci kuwa da silin ya kai kaurin fensir, ka lanƙwasa shi ya karye ƙas, ƙwayar ciki ba ta kumburo ta nuna a jiki ba, ka fara tsinka kar ka jira ya ƙara girma. Duk bayan kwana 2 ko 3 ka zagaya, da hannu biyu, ɗaya ya riƙe reshe ɗaya ya tsinke don reshensa ba shi da ƙwari kuma akwai sauran fure a jiki. Idan ka bar na farko suka ƙosa a jikinsa sai ya ɗauka ya gama aikinsa ya daina ciyar da furen baya. Ka tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, ka zuba a kwando a inuwa ka rufa da jiƙaƙƙen buhu, kar ka cusa a leda ka ɗaure, idan Yankaba ko Rimi za ka kai ka kai shi a ranar kafin rana ta take, don iskar hunturun nan kwana ɗaya ta isa ta sa ya yi yaushi mai saye ya ce maka na jiya ne.